Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Yadda Muke Gwada Zubin Roba Yanzu

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, masu kawo mana aikin bokiti, baho da murfin jarka daga nan Damagaram har Kano.

Wasunku sun lura gwajin kwamfuta da muke yi kafin a yanka ƙarfen zubi ya ɗan ƙara kwana. Ga dalili.

Kafin Moldflow, manhajar kwamfutar da muke gwajin da ita, ta nuna yadda narkakkiyar roba za ta cika ƙarfen, sai an yayyanka hoton kayan zuwa ƙananan gidaje kamar raga. A da raga iri ɗaya muke shimfiɗa wa kowane kaya, ta saman fata kawai, wato Dual Domain, domin tana da sauri, kuma a kan siririn bango ba ta ƙarya. Matsalar tana wurin kauri. A bara wani bokiti ya fito da kunnuwansa a lotse, daidai inda ƙarfen mariƙi ke shiga. Ka ɗora babban yatsa sai ka ji ramin. Gwajinmu bai gan shi ba. Laifin namu ne, kuma mun ji zafin asarar da mai shi ya yi.

Kauri ba abin wasa ba ne a wannan sana'a: idan bango ya ninka kauri, lokacin hucewarsa kusan sau 4 yake ƙaruwa, ciki na nan da zafi bayan waje ya daskare.

Yanzu muna haɗa raga biyu. Hanyoyin da roba ke bi daga bakin inji, da bututun ruwan sanyaya, zare-zare muke zana su, tunda dogaye ne masu siffa ɗaya. Jikin kayan kuwa, muddin yana da kunne ko gindi mai kauri, raga mai cika ciki ta 3D muke ba shi. Aikin da ke cin lokaci shi ne mahaɗar: dole ƙarshen zaren ya zauna cif a kan ƙullin ragar jiki a bakin ƙofa, wato inda roba ke shiga jikin kayan, in ba haka ba roba ba za ta tsallaka ba. Da ido muke duba kowace ɗaya.

Roƙonmu, ku riƙa faɗa mana ainihin robar da za ku zuba, PP ce ko HDPE, sabuwa ce ko niƙaƙƙiya, domin ba daidai suke tsukewa ba. Wanda aikinsa ke hannunmu ya leƙo shago a Zango, mu nuna masa nasa a allo.

Allah ya ƙara kasuwa.

Naku,
Ma'aikatan ɗakin zane