Zuwa ga Aminiya, kan maganar ƙanwar maigidanki

Assalamu alaikum Aminiya,

Ya Kumasi, ya Baban Ummi da yara? Shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai da ta ɓaci kika tuna kina da ƙawa ungozoma. Bashi kika ci.

Na ga saƙonki cewa ƙanwar maigidanki mai ciki ta kamu da shan tramol da giya, har kun kulle ta don ta daina. Don Allah ku buɗe yarinyar nan daga ɗaki, kada a yanke mata tramol rana ɗaya. Da cikin wata biyar, idan jiki ya nemi ƙwayar ya rasa, gumi, gudawa da murɗawar ciki za su taso, mahaifa ta motsa, a ƙare da ɓari ko bakwaini. Yawanci kuma komawa suke yi, lokacin jiki ya saki, adadin da ta saba sha ya tsayar da numfashi.

Ku kai ta asibitin koyarwa na Komfo Anokye, awon ciki da likitan ƙwaƙwalwa tare. Musanya mata ake yi da methadone ko buprenorphine, magungunan da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar, har ta sauka. Methadone ana farawa da miligiram 10 zuwa 30 a rana. A watanni ukun ƙarshe jiki na narkar da shi da sauri, sai a ƙara ko a raba safe da yamma. Hajiya za ta ce ciwon ƙaruwa yake yi, ki kwantar mata da hankali. Buprenorphine ƙarƙashin harshe ake sa shi, miligiram 2 zuwa 4 da farko, amma sai hamma da gumin sun bayyana, aƙalla awa 12 bayan shan tramol na ƙarshe. In aka yi gaggawa, ture ƙwayar yake yi, wahalar ta rufto gaba ɗaya.

Af, Bilki ta koma ɗakinta, da sabon sadaki! Wa ya ci caca, ni ko ke?

Giyar ce ta fi tayar mini da hankali. Ko kurɓi ɗaya ba a yarje wa mai ciki ba, haɗa ta da methadone kuwa na danne numfashi. In kullum take sha, a gadon asibiti za ta daina, don jijjiga kan zo cikin kwana 2 na farko. Za su ba ta dangin diazepam, maganin da ke hana jijjigar, na 'yan kwanaki da bitamin B1. Cikin magungunan hana shan giya, disulfiram ba na mai ciki ba ne, naltrexone kuma ba ya haɗuwa da methadone ko buprenorphine.

Ta haihu a asibiti, a sa wa jaririn ido kwana 4 zuwa 7, don shi ma jikinsa kan nemi maganin: kuka mai tsini, karkarwa, ƙin kama nono. Goyo a ƙirji da shayarwa na rage masa wahalar, in ta bar giyar.

Ina atamfata ta bara?

Taki,
Maman Walida