Oswald Bai Taɓa Tsayawa Gaban Alƙali Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na tarihi a kan kisan Shugaba John Kennedy na Amurka, mu shida a teburin mai shayi a nan Agege, har gardama ta sa shayina ya huce. Mai gabatarwa ya yi ƙoƙari, amma ya yi ta kiran Lee Harvey Oswald "wanda aka samu da laifi". Wace kotu ce ta same shi? An harbi Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, ranar 24 Jack Ruby ya bindige Oswald a hannun 'yan sanda, jama'a na kallo a talabijin. Abin da ya biyo baya kwamitin Warren ne, wato kwamitin binciken da gwamnatin Amurka ta kafa, ya ba da rahoto a 1964, kuma ba a bar wani lauyan Oswald ya ƙure shaidu a gabansa ba.

Na yi shekaru ina tafinta a wata kotun majistare a nan Legas. Ban manta wani dattijo mai gadi da ya rantse da Alƙur'ani cewa ya ga fuskar ɓarawo ba. Lauya ya tambaye shi a hankali, "Baba, akwai wuta a daren?" Na fassara masa. Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce an ɗauke tun magariba. Ba ƙarya ya shirya ba, ya gaskata abin da yake faɗa ne kawai. Da wannan ma'aunin nake auna maganar Oswald.

Hujjar bindiga tana da nauyi, kowa ya faɗi gaskiya. An samu bindigar ƙirar Italiya, Carcano, a hawa na shida na rumbun littattafan makaranta inda yake aiki, da kwanson harsashi uku kusa da taga. An saye ta ta gidan waya daga Chicago da sunan A. Hidell, aka aika akwatin wasiƙun Oswald, kuma da aka kama shi akwai katin shaida mai wannan suna a jikinsa. Ya bar wurin aiki jim kaɗan bayan harbin. Kafin awa guda ta cika aka kashe ɗan sanda J.D. Tippit, kwanson da aka tsinta a wurin kuma ya dace da ƙaramar bindigar da ke jikinsa sa'adda aka cafke shi a gidan sinima. Da ni ne lauyansa, nan zufa za ta karyo mini.

Amma ga inda zan miƙe tsaye. Howard Brennan, ganau ɗin da aka fi dogara da shi, wanda ya ce ya hango mai harbin a taga, a daren da aka jera masa mutane bai iya cewa tabbas wannan ne ba, alhali ya riga ya ga hoton Oswald a talabijin. Daga baya ya ce tsoro ne ya hana shi. Mai yiwuwa ne, amma irin wannan shaidar lauya ke yin kalaci da ita. Zanen tafin hannun da 'yan sandan Dallas suka ce sun ɗauko a jikin bindigar, sai bayan kwanaki ya isa hannun FBI, hukumar bincike ta tarayyar Amurka. An yi wa Oswald tambayoyi na kusan awa 12, ba rikoda, ba lauya a gefensa. Matarsa Marina, wadda ta ce ita ta ɗauki hotonsa riƙe da bindigar, da wuya dokar Texas ta lokacin ta yarda ta ba da shaida a kan mijinta. Sai harsashin nan guda da aka tsinta a gadon ɗaukar marasa lafiya a asibitin Parkland, wanda aka ce ya ratsa Kennedy da Gwamna Connally na Texas, da ke mota ɗaya da shi, ya fito kusan lafiya lau.

Wani abokin shayinmu ya kawo batun kwamitin majalisa na 1979 da ya ce da alama akwai haɗin baki. Haka ne, sai dai da sautin rediyon 'yan sanda suka dogara, masana kimiyya kuma suka rushe wannan a 1982. Shi kansa kwamitin ya ce harsasan Oswald ne suka kashe shugaban.

Mu nan ma mun ga namu. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashi. Dimka dai, jagoran yunƙurin juyin mulkin, da bakinsa ya yi shela a rediyo. Oswald har ya mutu cewa yake bai harbi kowa ba.

In kun tambaye ni, zuciyata ta fi karkata ga cewa shi ya harba. Duk da haka ina roƙon ku gyara a shiri na gaba, ku ce "wanda ake zargi", ko "wanda kwamitin Warren ya ɗora wa alhaki". In da hali kuma ku gayyato lauyoyi biyu, ɗaya ya gabatar da ƙara, ɗaya ya kare shi, mu ji yadda Brennan zai kwashe.

Naku,
Tsohon tafintan kotu,
Agege, Legas