Zuwa Ga Uwata, Kan Maganar Turancin Nan

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Goggonki da yaran gida. Na ga sakamakon WAEC ɗinki. Kiredit bakwai ba wasa ba ne, Allah ya yi miki albarka. Na san D7 ɗin Turanci ne ya hana ki barci, tunda jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit a cikinsa, ga shi a JAMB ma dole kowa ya rubuta shi. Share hawayenki, akwai zama na gaba.

Jiya ina neman almakashi a ɗakinki na ci karo da littafin da kika cika da kalmomi, Turanci a hagu, Hausa a dama, kina haddacewa kamar karatun allo. Ina ganin a nan gizo yake saƙar. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da abokan tafiyarta take zuwa. Dubi "sha" ɗinmu: muna shan ruwa, shan magani, shan taba, shan wahala, har iska muna sha. Bature kuwa kowanne da nasa: ruwa "drink", magani "take", taba "smoke", wahala "suffer". Wanda ya haddace cewa sha shi ne "drink" ya tsaya nan, to, ranar da zai gaya wa likita ya sha ƙwayoyinsa zai yi ɓarin baki.

Ni "ji" ce ta kayar da ni. Ina aji uku na sakandare, muna ɗakin gwaje-gwaje, na ɗaga hannu na ce wa malami, "I am hearing smell." Aji ya fashe da dariya, sunan kuma ya bi ni har muka gama makaranta. Hausa ce tsantsa na sa wa kwat da taye. Saboda haka duk kalmar da kika tsinta, kwafo ta da jimlar da kika same ta a ciki.

A nahawu, ki sa ido kan aikatau. Mu sai mu ce na saya, zan saya, nakan saya, "saya" na nan yadda take. Su kuwa "buy" ta koma "bought", "go" ta koma "went". Waɗannan kam sai hadda, biyar a rana sun isa. Amma "he" da "she" ba za su wahalar da ke ba, tun kina goye kike bambanta shi da ita, gatan da Yarbanci da Igbo ba su ba masu su ba.

Sai p da f, abin da ake tsokanar mu da shi, kuma yana fitowa a takardar furuci. Tsaya gaban madubi. A "pull" leɓɓanki biyu za su haɗu su buɗe, a "full" haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa. Yi ta yi ko da ƙannenki za su yi miki dariya.

Kowace Juma'a ki rubuto min shafi ɗaya da Turanci, ko labarin cefane ne, ki ɗauki hotonsa ki turo ta WhatsApp. Na riga na sayi jan biro. Kuɗin ƙamus kuma na tura wa Goggonki, ki tuna mata, kin san halinta da mantuwa.

Innarki na gaishe ki.

Naki,
Baba