A riƙa tambaya kafin a ɗirka wa mutum allura

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan mutanen da wani magani ba ya karɓar jikinsu, wato alaji. A ƙananan asibitoci inda nas ɗaya ke fama da layi guda, da wuya ka ji an tambayi mara lafiya ko wani magani ya taɓa sa masa borin jini, alhali tambayar nan ko sisi ba ta ci. Penisilin da su Septrin da Fansidar sun yi ƙaurin suna wajen haka, masu sinadarin salfa ɗin nan, wato Septrin da Fansidar, har saɓule fata suke yi, baki da ido su kwaye, abin tausayi wallahi.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne na nan take, daga yin allura sai fuska ta kumbura numfashi ya sarƙe jini ya faɗi, cikin mintoci ana iya rasa mutum. Piriton ba ya ceto a nan, allurar adirenalin a cinya ita ce magani, tana da araha kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, to me zai hana a aje ta duk inda ake allura?

Kuma a bambance, tashin zuciya ko gudawa kaɗai yawanci ba alaji ba ne, da yawa masu cewa penisilin bai karɓe su ba in an gwada su a asibiti lafiya lau suke sha.

Wanda aka tabbatar da nasa a rubuta masa sunan maganin ɓaro-ɓaro a kati ya riƙa yawo da shi, iyalansa ma su sani.

Na gode,
Mai karanta jaridarku