Koken Manoma, 'Yan Kasuwa da Iyaye Mata kan Kasuwar Garinmu da Halin da Yaranmu Ke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoma da 'yan kasuwa da iyaye mata na wannan gunduma mun kawo kukanmu kan kasuwarmu ta mako da kuma lafiyar ƙwaƙwalwar ƙananan yaranmu. Mun haɗa su a takarda ɗaya don a gidajenmu a haɗe suke.

Ba ka buƙatar a tuna maka abin da Jihar Katsina ta gani. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya a wasu yankuna. An yi haka don tsaro, mun kuma yi haƙuri. Amma kasuwar da ta daɗe a rufe ba ta dawowa yadda take da kanta. Dillalai sun saba da wasu garuruwan, rumfuna sun zube, wasu masu jari sun cinye jarinsu.

Yau idan damina ta sauka, mai tumatur da tattasai a cikin taɓo take shimfiɗa buhu. Babu sito, don haka da kaka manomi dole ya karyar da geronsa da wakensa a ranar, ko nawa aka taya, sannan ya dawo da bazara ya sayi tiya da tsada. Babu ruwan sha, babu makewayi. Duk da haka ana karɓar kuɗi a bakin kasuwa, a kan kwando, a kan buhu, wani da rasit wani babu.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mana rai shi ne yara. Ka shigo ranar kasuwa ka duba ƙarƙashin rumfuna. Za ka ga 'ya'yan 'yan gudun hijira, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, wasu da farantin talla a ka, wasu suna tsintar hatsin da ya zube wajen awo. Akwai yaron da in babura biyu ko uku suka shigo a jere, sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin teburin mai nama, jikinsa na rawa, sai an janyo shi. Akwai yarinyar da tun daren da aka shiga ƙauyensu maganarta ta ɗauke, sai kallo. Iyaye mata suna gaya mana na firgita cikin barci, da fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina, da ƙin cin abinci, da faɗa ba dalili. Wasu suna cewa iska ce, wasu suna cewa taurin kai ne har a kai ga duka. Mu da muke kwana da su mun san tsoro ne ya zauna musu a zuciya. Muna kai su wajen malamai a yi musu addu'a, kuma ba za mu daina ba, amma akwai abin da sai ma'aikacin lafiya da ya san aikin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kware a Sakkwato da na Barnawa a Kaduna sun yi wa talaka nisa, kuma uwa ba za ta yarda a kira ɗanta mai taɓin hankali ba.

Uwar da ta wuni a rana ba ta yi cinikin cefane ba, da wane ƙarfin za ta rarrashi yaron da ya farka da kuka tsakar dare? Ga tamowa, wadda likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka yi shekaru suna fama da ita a jihar nan, kuma yunwa a shekarun farko tana taɓa kaifin basirar yaro har girmansa.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da kula da su da makewayin jama'a a wuyan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta hannu a harkar lafiya da ilimin firamare. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Don haka ƙofar da ta dace muka ƙwanƙwasa.

Muna roƙon a gina rumfuna masu rufi da magudanar ruwa, a haƙa rijiyar burtsatse, a yi makewayi na maza da na mata, a kuma samar da sito da manoma za su riƙa ajiya a kuɗi kaɗan. A mayar da harajin kasuwa guda ɗaya mai rasit, a liƙa adadinsa inda kowa zai gani.

Ga yara kuma, a tura ma'aikatan asibitin garinmu ko da mutum biyu ne su samu horo kan damuwa da firgicin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP da aka yi domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba. A ware ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, da tabarma da ruwa da kayan wasa, inda uwa za ta ajiye ɗanta ranar kasuwa, ma'aikacin lafiya kuma ya zauna ya saurari iyaye cikin sirri. A sa 'ya'yan 'yan gudun hijira a firamare ba tare da neman takardun da suka ƙone a ƙauye ba. Mai Girma Hakimi kuma muna roƙon ya umarci dagatai da masu unguwanni da limamai su faɗakar da jama'a a daina dukan yaron da ke firgita.

Mun shirya ba da aikin gayya wajen gini, matanmu kuma za su karɓi kula da ɗakin yara bi da bi. Muna neman a sa mana rana mu zauna da kai da kansilanmu da Sarkin Kasuwa kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne naku,
Manoma, 'yan kasuwa da iyaye mata na wannan gunduma.