A ƙara wa masu gina gidan kansu wa'adi a Abuja

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni dama in yi kira ga hukumomin Babban Birnin Tarayya kan wa'adin gini. A 2025 ne Minista Nyesom Wike ya sanar cewa duk wanda aka ba fili sai ya kammala gini cikin shekara 2, in ba haka ba a ƙwace. Na fahimci manufar, domin masu ajiye filaye suna jiran su yi tsada sun daɗe suna cutar da mu.

To amma ma'aikaci irina fa? Da albashi da adashi nake gini. Wannan watan in buga bulo, wani watan in sayi rodi. Nawa ginin ya kai linta, damina biyu ke nan yana tsaye, ciyawa ta cika ɗakunan, kuɗin siminti kuma kullum gaba yake yi. Ga shi neman amincewa da zanen gidan kaɗai ya cinye mini watanni.

Don Allah a fara ƙidayar wa'adin daga ranar da aka amince da zane, kuma wanda aka ga aikinsa na tafiya a ƙara masa lokaci.

Naka,
Wani magidanci daga Kubwa, Abuja