Allurar daren Talata

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya maigidan, ya sanyin Kumasi? Na san kina can kina cewa na yi kuɗi na manta da ke. Wallahi ba haka ba ne. Wata uku na yi da abu a ƙirji, sai jiya da sakamakon gwajin ƙarshe ya fito lafiya lau na samu bakin magana.

Wata Talata ina aikin dare a asibiti, na ɗebi jinin wani bawan Allah, ina ƙoƙarin mayar wa allurar murfinta, abin da kullum nake hana ɗalibai, sai aka ɗauke wuta. Allurar ta huda safar hannu ta shiga babban yatsana na hagu. Da na haska da waya, ɗigon jinin bai wuce ƙwayar gero ba. Amma na ga katinsa tun da yamma, na san yana ɗauke da HIV. Nan take gwiwoyina suka yi sanyi.

Na ruga famfo na wanke da sabulu. Wata ta ce in matse sosai in zuba bilic, Sista babba ta daka mata tsawa, ta ce matsa ba ta fitar da komai, bilic kuwa fata kawai zai ci. Kafin kiran assalatu na haɗiye ƙwayar farko ta PEP, maganin da ake sha don kare kai daga kamuwa da HIV bayan irin wannan haɗari. Ana so a fara kafin awa 72, amma gwamma a awannin farko. Kwana 28 na yi ina sha, ɗaya kullum, ga ciwon kai ga rashin barci a makon farko.

Likita ya zaunar da ni ya yi min lissafi. A cikin mutum 1,000 da allura mai jinin mai cutar ta soka, kusan 3 ne ke kamuwa. Haɗarin yana ƙaruwa idan sukar ta yi zurfi, ko allurar mai rami ce da ta fito daga jijiya, ko majinyacin ba ya shan magani. Nawa yana shan nasa bai fashi, ƙwayar ta kwanta a jininsa. Duk na san wannan, ni ma na sha faɗa wa wasu. Amma in na kwanta da dare, ukun nan kawai nake gani.

Kin san abin da ya sa ni kuka? Mutumin ne. Da safe ya sa aka kira ni, hawaye a idonsa, yana cewa "Malama ki yafe min." Me ya yi min, don Allah?

Af, mutuniyarki ta haihu, 'yan biyu kuma! Hajiya sai rawar kai take kamar ita ce mai jegon. An tambaye ki a wajen suna, na ce tunda kin koma cin fufu ai kin fi ƙarfin tuwonmu.

Batun allurar kuwa, a gida Maigida kaɗai na faɗa wa. Bai ce uffan ba, shi ya riƙa tuna min lokacin magani, ya raka ni gwajin mako 6 da na wata 3.

Yauwa, batun 'yata da za ta shiga makarantar jinya. Ki kai ta a yi mata rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku cif, kafin ta taka asibiti. Shi ya fi saurin kamu ta allura, yakan kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba, ni na yi nawa tuntuni. Ki kuma ce mata Mama ta ce allura daga hannun majinyaci sai kwalin zubarwa, ba ruwanta da murfi.

Akwai abin da na so tambayarki ya shige min, sai mun yi waya. Ki aiko min da atamfar nan da kika yi alkawari tun bara.

Taki har kullum.